Bakaniken ya gano rawar sitiyarin, amma yaransa sun kusa ja min

Masu tambayata a kan bakaniken nan na wajen Unguwa Uku da ya duba min Corolla, mutumin ya san aiki, wannan babu ja. Sai dai akwai inda raina ya ɓaci, kuma zan faɗa.

Motar 'yar 2004 ce, ta ci ƙasa. Ciwonta shi ne rawar sitiyari, amma ba kullum ba. In na fito daga Hotoro da safe zuwa cikin gari, lafiya lau. Sai an hau titin Zariya ko na Wudil an ɗan yi nisa, sai kakkarwa ta fara a tafin hannu, kaɗan-kaɗan, har madubi ya kama rawa. In na tsaya na yi sallah na dawo, shiru, ta ɗauke. Wanda ya taɓa kai irin wannan mota gareji ya san sauran: ba za ta taɓa yi a gaban bakanike ba, shi kuma ya riƙa yi maka kallon mai neman magana.

Kafin na isa wurinsa an riga an tatse ni. An yi balansin, an yi alaimen, wani ya sa na canja tayirod, wani ya rantse da Allah shokazoba ce. Kowa abin da yake sayarwa shi ne ciwon motarka.

Shi wannan bai ko ɗauko sifana ba. Tambayoyi ya jero min. A gudu nawa take farawa? In na taka birki tana ƙaruwa? In na saki totur tana tafiya? Da sanyin safiya ta fi yi ko da rana? Na amsa iya abin da na lura. Sai ya ce, "Yallaɓai, rawar balansin ba ta zuwa hutu. In ita ce, duk ranar da ka kai gudun 80 zuwa 110 sai ta gaishe ka, da safe ko da dare. In shaf ne, wato sandar da ke juya taya, sai kana ba ta wuta za ta yi, ka saki ta daina. In taya ce ta kumbura, tun kana tafiya a hankali za ka ji sitiyari yana lilo. Taka kuwa sai mota ta yi zafi. Bari mu je mu ba ta zafin."

Muka fita bayan azahar, a ranar nan ta watan Afrilu da ke haura digiri 40, shi ke tuƙi. Muka wuce Na'ibawa, yana tafe yana ɗan tattaka birki da gangan. Ni dai ina kallon allurar mai tana sauka, ina cewa a raina yau ma za ta kunyata ni. Muna wuce Kwanar Dawaki sai ga ta. Wallahi ban taɓa murnar lalacewar motata ba sai ranar. Bai tsaya nan take ba. Ya cire giya ya bar ta tana gangarawa da kanta, sai ga shi gudun yana mutuwa da wuri, motar kuma tana ja zuwa dama. Kafin gadar Tamburawa ya gangara gefe, ya sauka, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana kara bayan hannunsa kusa da wili ba tare da ya taɓa ba. Da ya zo ta gaba a dama sai ya janye da sauri. Ya karɓi ledar fiya wata a hannuna ya ɗiga kaɗan a kan wilin hagu, ruwa ya gangara abinsa. Ya ɗiga a na dama, ji kake cuuu, kamar an jefa ƙosai a mai. Ga warin ƙauri yana tashi. Ya ce, "Oga, birkinka ne yake riƙewa. Tun daga gari kake tafe da ƙafa ɗaya a ɗaure."

Bayanin nasa ya shige ni. Kalifa shi ne ƙarfen da fistin ɗin cikinsa ke matsa fad, wato takalmin birki, a jikin dis, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Idan fistin ɗin bai koma baya ba bayan an saki birki, fad ɗin zai ci gaba da gugar dis. A gajeriyar tafiya ba a ji. In aka yi nisa sai dis ya ɗau zafi fiye da kima, gugar ta daina zama daidai, ita ce take hawowa har sitiyari. Ka tsaya, ƙarfe ya huce, ya saki, ka ɗauka ta warke. Har man da nake ƙorafin motar tana sha, ya ce da hannun wannan a ciki.

A gareji ma ya ƙara burge ni. Ya sa jak, ya sa yaro ya taka birki ya saki, ya juya tayar da hannu biyu, da ƙyar take motsi. Sai ya kwance ɗan notin nan da ake fitar da iskar birki. Ya ce in tayar ta saki yanzu, to tiyon ne ya ruɓe ta ciki yana hana mai komawa. In ba ta saki ba, kalifa ne. Mai ya ɗigo baƙi ƙirin, taya tana nan a ƙage. Da aka buɗe, robar da ke rufe fistin ta yage, ruwan damina da ƙura sun shiga sun yi tsatsa, ɗaya daga filolin da kalifan ke zamewa a kai ya bushe ƙamas, babu ɗigon giris. Fad na ciki ya kusa kaiwa ƙarfe, na waje kuwa da sauransa da yawa. Fuskar dis ɗin har ta yi shuɗi-shuɗi don zafi. Ya ce man birki yana jan danshi, shi ya sa ake son a juye shi duk bayan shekara 2, mu kuma sai dai ciko. A nan ne ma ya nuna min lambobi huɗun da ke jikin taya, 3118, wato mako na 31 a 2018, ya ce tayoyin Beljiyam ɗin nan nawa su ma sun tsufa, amma ba su ne masu laifin yau ba, kada in bari a ruɗe ni. Da wani ne da tuni ya haɗa ni da mai taya.

To, da a nan aka tsaya da sai yabo. Sai aka kira shi wani aiki, ya bar ni da yara. Aka tura ɗaya Ƙofar Ruwa ya sayo kalifa Beljiyam, kun dai san yadda kuɗin kaya yake yanzu. Suka ɗaura, suka yi ta famfon birki, suka zuba mai, suka ce an gama. Na tayar zan fita, na taka birki a bakin ƙofar garejin, ƙafata ta tafi har ƙasa. Saura ƙiris in hau kan wani mai adaidaita da ke sauke mata. Na yi magana, babban cikinsu ya ce wai sabon ɗauri ne, zai kama a hanya. Birki fa! A hanya!

Na ƙi motsawa har ogan ya dawo. Leƙawa ɗaya ya yi ya ga abin: kalifan ɓangaren hagu aka sayo aka ɗaura a dama, notin fitar da iska ya koma ƙasa maimakon sama. Iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za a yi ana famfo ba za ta fita ba. Ya yi musu faɗa sosai, ya ba ni haƙuri, motar ta kwana a can. Amma da aka zo lissafi, man birkin da yaransa suka zubar a ƙasa ni aka ɗora wa, har da kuɗin abin hawan yaron na komawa canji. Ga man da muka ƙona zuwa Tamburawa, wannan ban yi ƙorafi ba, don kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga tambarin baƙin mai a kujerar direba, wanda har yau mai wanki bai iya fitarwa ba. Notocin taya kuma da bututun ƙarfe yaron ya ɗaure su yana hawa da ƙafa, alhali ogan da bakinsa ya ce irin wannan ɗaurin yana iya karkatar da dis. In taya ta yi faci a hanyar Gwarzo ban san wa zai kwance min su ba.

Rawar dai ta tafi. Na je Zariya na dawo da tsakar rana, sitiyari ko gezau. Abin da ya rage ɗan bugu ne in na taka birki daga gudu, wanda tun farko ya faɗa min zai rage sai an canja dis ɗin gaba duka biyun. Shi zan kai wa, amma sai na buga waya na tabbatar yana nan, kuma ba zan ɗaga daga gindin motar ba. Kuɗin man birki na biyun nan kuwa na gaya masa ina binsa.