Hattara da na'urar "kwantum" mai gwajin lafiya ba tare da ɗibar jini ba

Jama'a, a kula da masu yawo da wata 'yar na'ura a jaka da sunan gwajin lafiya na zamani. Ana ganinsu a kasuwa, a harabar ma'aikatu, a wurin taron mata, wasu har shago suka kama suka kafa allo. Kayan aikinsu kwamfuta ce da ƙaramin akwati da wata sandar ƙarfe da za a ce ka damƙe a hannu. Kafin minti biyu allon kwamfutar ya cika da rubutu ja da kore: hanta ta taɓu, ƙoda ta yi rauni, jini ya yi kauri, maiƙo ya toshe jijiya. Ba a ɗebi jininka ba, ba a karɓi fitsarinka ba. Sunan abin Quantum Resonance Magnetic Analyzer, kuma kowa na iya sayensa a kasuwannin intanet irin su Alibaba, ba mai tambayarsa ko ya taɓa taka ƙofar makarantar likitanci.

Gwajin yakan zo kyauta ko da 'yan canji, domin ribar ba a nan take ba. Tana cikin kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Da an ga jikinka ya yi sanyi sai a jero maka robobin ƙwayoyi da shayi da garin "wankin ciki", kowace cutar da kwamfuta ta ambata da nata, a ce sai ka yi wata uku kana sha sannan ka dawo a sake dubawa.

Abin da ke sa mutane sakin jiki shi ne rigar kimiyya da aka sa wa harkar. A filin rediyo da suka biya kuɗi aka ba su, ko a TikTok da Facebook, za ka ji "bincike ya nuna", "masana sun gano", ba sunan masanin, ba sunan jami'ar, ba mujallar da ta buga. Mai gabatarwa kuma ba ya tambaya, tunda talla ce aka yi mata shigar hira. Shi ilimin kwantum gaskiya ne, reshe ne na fiziks da ke nazarin ƙananan ƙwayoyin zarra, kuma da shi aka kai ga na'urori irin su MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. To amma MRI na buƙatar maganaɗisu mai nauyin tan-tan da ɗaki na musamman da ƙwararren da zai karanta hoton, duk da haka ba ta faɗin yawan sukarin jini. Sukari sai an huda yatsa. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta nau'in B sai an duba jini. Aikin ƙoda ana gane shi ne daga sinadarin kiriyatinin a jini da kuma gwajin fitsari. Fatar tafin hannu ba ta ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Damfarar ma tsohuwa ce. Wajen shekara 100 da suka wuce wani likita a San Francisco ta Amurka, Albert Abrams, ya yi arziki da akwatin da ya ce yana gano cuta daga ɗigon jini a kan takarda. Mujallar Scientific American ta kafa kwamiti ya bi diddigin abin a 1923 da 1924, ya tarar babu komai a ciki. Aka kuma aika wa ɗaya daga cikin masu aiki da akwatin jinin zakara a matsayin na mutum, sakamako ya dawo cewa majinyacin na da zazzaɓin cizon sauro da ciwon sukari da sankara, har da ciwon tunjere. Daga baya aka sami William Nelson, wanda ya tsere zuwa Budapest ta ƙasar Hungary a 1996 bayan an tuhume shi da zamba a Amurka, ya ci gaba da sayar da na'urarsa EPFX daga can. Jaridar Seattle Times ta bankaɗo a 2007 yadda masu fama da manyan cututtuka suka bar asibiti suka dogara da irin waɗannan na'urori har rai ya yi halinsa, kuma a 2008 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta hana shigar da EPFX ƙasar.

Wannan ne abin tsoron, ya fi asarar kuɗi. Mai hawan jini ko ciwon sukari a gaya masa ya samu sauƙi ya ajiye maganin asibiti, sai shanyewar ɓarin jiki ko gyambon da ba ya warkewa. Lafiyayye kuma ya koma gida da fargabar ƙodarsa ta lalace, ya yi ta ɗirkar haɗin da ba wanda ya san abin da ke ciki, mai yiwuwa shi ne ma zai taɓa ƙodar.

Za su nuna maka lambar NAFDAC a jikin roba. Duba da kyau. Maganin gargajiya da ƙarin abinci da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba ne ko shansa na da illa, ba a tabbatar yana warkar da komai ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suke yi ba, sai dai da ƙananan haruffa.

In kana son ganin ƙwal uwar daka, lura da abin da ake tambayarka kafin a miƙo maka sandar: shekaru, jinsi, tsawo, nauyi. Daga nan duk mai wayo zai iya cinkar ciwon gwiwa ga tsohuwa da matsalar mafitsara ga dattijo. Ka ce a sake gwada ka nan take amma a rage maka shekara 20. Ko ka naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma, a sa sunan wani, a ga ko tsumman ma yana da ciwon hanta. Da wuya su yarda.

Wanda aka riga aka tsorata da takardar sakamako, ya kai ta asibiti a yi masa gwajin jini na gaske, kada ya daina maganin da likita ya ɗora shi a kai. Robobin da ya saya kuma ya tafi da su likita ya gani. Ƙorafi kan kayan ana kai shi ofishin NAFDAC mafi kusa, kan shagon kuwa ma'aikatar lafiya ta jiha, a Kano hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu.