Takalmin ɗinkin hannu daga wani shago kusa da Kasuwar Wunti

Wata huɗu ke nan ina taka takalmi sau-ciki da aka ɗinka mini a wani ƙaramin shago kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi. Mai shagon matashi ne da ya faro daga gyaran takalma a bakin titi, ya tafi Kano ya zauna a hannun dukawa har hannunsa ya faɗa, sannan ya dawo gida da keken ɗinki guda ɗaya. Yanzu yara uku ne ke koyon sana'ar a wurinsa.

Bai tambaye ni lambar da nake sawa ba. Kwali ya shimfiɗa, ya ce, "Yallaɓai, taka nan," ya zagaye ƙafafuna biyu da biro, ya auna tudun kowace da tef, kuma a nan ne na san cewa ƙafata ta hagu ta ɗara ta dama faɗi, abin da ya sa takalman kanti suka daɗe suna cin ɗan yatsana. Saman takalmin kirgi ne da yake sarowa daga Kano, cikinsa kuwa fatar akuya ce mai laushi, irin ta jar akuyar Sakkwato wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko saboda ta can fatake suke bi da ita bayan sun ƙetare Sahara. Tafin ba gam kaɗai ya riƙe shi ba, an bi shi da ɗinki a kewaye, shi ya sa ruwan Agusta ya dake shi sau da yawa amma bai buɗe baki ba.

Inda ya gaza shi ne alƙawari. Kwana 10 ya ɗibar mini, sai da na yi mako uku ina sintiri, yana kafa hujja da rashin wutar da zai tayar da injin goge tafi, ko da yake ni na fi zargin ɗinkin Sallah da ya karɓa fiye da ƙarfinsa. Rinin cikin ma ya ɓata mini farar safa a makon farko kafin ya zauna.

Kuɗinsa ya fi na takalman Aba, amma bai kai na waɗanda ake shigowa da su daga Italiya ba. Na riga na kai masa awon mahaifina domin ya ɗinka masa takalmi faɗe, sai dai wannan karon tun kafin azumi na kai.