Hotunan kundin kotun ƙauye na 1349: an ɗauki gaba, an bar baya

Na yi odar hotunan naɗin kotun gandu guda ɗaya, wato kundin shari'o'in kotun ubangidan ƙasa a ƙauye da aka rubuta a kan fata ake naɗewa, daga wani ofishin adana takardun tarihi a Ingila. Na shekara ta 23 ne ta sarautar Sarkin Ingila Edward na Uku, daga 25 ga Janairu 1349 zuwa 24 ga Janairu 1350, tsakiyar Baƙar Annoba ke nan, cutar da ta hallaka ɗimbin mutane a Turai. Maganar gaskiya, hoton ya fito tas. Tawadar da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa ana karanta ta, har 'yan ƙananan lambobin da magatakarda yake cusawa a saman sunan wanda aka ci tara sun fito: kwabo biyu, taro, sisi, yawanci a kan matan da suka dafa giya suka saɓa farashin hukuma. Mai bin tarihin kasuwancin ƙauye ya san waɗannan lambobin su ne naman.

Sai dai fata shida ce, aka turo hoto shida. Sha biyu ya kamata.

Irin wannan naɗin ba a jere yake kamar tabarma ba. Fatun tunkiya ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka ɗinke ta ka, kuma idan gaba ya cika magatakarda juya fatar yake yi ya ci gaba a baya. A shekarar da mutane suke mutuwa kamar ƙwari, jerin matattun manoma da dabbar da ubangidan ƙasa yake karɓa a kan kowanne, mafi kyau a garken mamaci, ai dole ya tsallaka baya. Can kuma ake samun waɗanda suka karɓi gonakin da kuɗin shiga gona da suka biya ubangidan. Ba tare da su ba, ba ka da ta cewa a kan yawan mace-mace ko darajar ƙasa. Yadda za ka gane an yi maka gibi: tara kuɗin kowane zama, kwabo 12 sule, sule 20 fam, ka gwada da jimillar da ke ƙasa. A nawa naɗin, zama uku ko jimillar babu, magana ta yanke a tsakiya.

Da na yi ƙorafi an amsa cikin ladabi, amma wai sabuwar oda ce, sabon kuɗi. Haba!

Da farko na ce aikin mai kyau ne kuskure ɗaya ya ɓata shi. Da na koma kan fata ta huɗu sai ga gefen hagu an datse, inda ake rubuta irin shari'ar da kuɗinta, ƙasan kuma ya nannaɗe don ba a danne shi ba. Mai ɗaukar hoton ya iya kyamara, bai san naɗi ba. Duk mai yin oda ya rubuta musu ɓaro-ɓaro: gaba da baya na kowace fata, da gefe duka, a danne ƙasa, a kuma faɗi adadin hotuna kafin a biya.