Na'urar yatsa ko YubiKey a tsohuwar kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi. Don buɗe KeePassXC, manhajar da ke ajiye kalmomin sirrinka a rumbu mai kulle, a wannan tsohuwar kwamfutar taka mai RAM 4GB, bar na'urar karanta zanen yatsa, ka sayi YubiKey 5, ɗan makullin tsaro da ake sokawa a kwamfuta.

Nawa yana rataye tare da makullin babur ɗina. Ya sha ruwan damina, ya sha gumin aljihu, duk gefensa ya goge, amma har yau lafiya lau yake. Na taɓa soka shi a kwamfutar shagon ƙanina, wadda fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Ɗan da'irar da ke jikinsa ya fara ƙyafta haske, na taɓa, rumbun ya buɗe, ban saka wata manhaja ta musamman ba. Ba ya ɗora wa kwamfuta nauyi saboda a cikinsa ake lissafin. KeePassXC na aika masa tambaya, shi kuma ya mayar da amsa da wani sirri da ke ajiye a cikinsa, sai a haɗa amsar da kalmar sirrinka. Ko ɓarawo ya kwashi fayil ɗinka ya kuma san kalmar, in babu makullin a hannunsa, aikin banza ya yi.

Na'urar yatsa kuwa, tawa tana cikin durowa. Ta Windows Hello take bi, wato tsarin Windows na buɗewa da yatsa ko fuska, kuma sai ka fara rubuta kalmar sirri tukuna take sake buɗe maka. Sauƙi take kawowa, ba ƙarin tsaro ba. 

In buɗewar tana jan lokaci, duba saitin Argon2 a cikin KeePassXC, wato lissafin da ake yi wa kalmar sirrinka kafin rumbun ya buɗe. Da gangan yake cin RAM don ya wahalar da masu cankar kalmar sirri. Sa shi 64 MiB, ka daidaita buɗewa a daƙiƙa ɗaya, kwamfutarka za ta ɗauka. Don Allah kada ka rage shi sosai saboda gaggawa. Da aka sace rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhajar ajiye kalmomin sirri, a 2022, masu gajeriyar kalmar sirri da tsohon saiti mai rauni su suka fi shiga haɗari.

Sannan ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai mai arha mai suna Security Key, kamfani ɗaya ke yin su, wasu na sayar da shi a matsayin YubiKey 5, alhali ba ya buɗe KeePassXC. Karanta sunan a jikin kwali, kada kuma ka karɓi wanda aka riga aka yage. In kwamfutar ta hannu ce kuma da Windows ɗin mai shago ta zo, goge ta ka saka sabo, don wata na zuwa da manhajar da ke naɗar abin da ka rubuta. Microsoft ma ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka Linux Mint, wani tsarin da ake sakawa a madadin Windows, zai fi maka.

In da hali sayi biyu, ka sa musu sirri ɗaya, ɗayan ya zauna a gida. In guda ɗaya tilo gare ka, ka ɓatar da shi, kuma ba ka ajiye sirrinsa a wani wuri ba, babu mai iya buɗe maka rumbun.