Motar hannu ta shekara ɗaya ko biyu, wacce za ta fitar da kai kunya?

In dai motar da kake nema ta ɗan lokaci ce, ka ce shekara ɗaya ko biyu kafin Allah ya hore ka canja, kana so ka je wajen kwastoma ko wani ofis da ita ba a yi maka kallon raini ba, ran Asabar kuma ka kwashi madam da yara zuwa biki, to lissafinka ba ɗaya ba ne da na wanda zai riƙe mota shekara goma. Kai tun ranar saye, ranar sayarwa za ka fara dubawa. Motar da in ka kira dillali yau kafin sati ya zagayo an kawo maka mai saye, ita ce taka, ko da ba ita ce ta fi burge ka ba.

Shi ya sa ni Corolla nake sa wa a gaba, ko ta 2003 zuwa 2008 ko wadda ta biyo bayanta, mai inji 1.8. Ba ta shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ya daina zama ƙaramar magana. Kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuwa ko Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja sai ka zaɓa. Kuɗinta ajiya ne kusan. Matsalarta biyu, tana da tsada fiye da girmanta don kowa ita yake nema, sannan bayanta ba shi da faɗi, in yaran sun kai huɗu ga 'yar aiki ga kaya za a matsu. Wasu kuma sai su ce ai motar haya ce, ni dai ban taɓa ganin wanda aka hana kwangila don ya zo da Corolla mai tsabta ba.

In kuma kwarjinin ne ya fi damun ka, Camry ce tsaka-tsaki. Ta 2002 zuwa 2006 da ake ce wa Big Daddy ta tsufa amma tana da haƙuri, ta 2007 zuwa 2011 wato Muscle ita ta fi kama da motar babban mutum. Sai dai a nan ka buɗe ido, injin 2.4 na Muscle ɗin farko-farko, 2007 zuwa 2009, an san shi da shan baƙin mai, za ka yi juye yau bayan 'yan makonni ka zaro sandar awo ka ga ya yi ƙasa alhali ba ya ɗiga ko'ina. Na 2010 da 2011 sun koma inji 2.5, in aljihunka zai kai ka ƙara ka ɗauki wannan. Dashbod ɗinta ma yana narkewa ya yi danƙo a rana, ka san kuwa ranarmu ba ta wasa, don haka in ka ga an shimfiɗa masa darduma mai kyau ka ɗaga ka leƙa. Kuma mai fulogi huɗu za ka nema, mai fulogi shida daɗin tuƙi gare ta amma ranar sayarwa kowa sai ya ja baya saboda mai.

Honda Accord ta fi Camry sauƙin kuɗi yawanci, ta kuma fi ta kyan zama a titi, EOD ta 2003 zuwa 2005, DC ta 2006 da 2007, sai Evil Spirit daga 2008. Samari na son ta. Amma ƙafa ce lagonta, ba sau ɗaya ba za ka ga Honda a gefen titi tayar gaba ta kwanta, yawanci rashin canja kayan ƙafa a kan lokaci ne ko an sa jabu, sannan giyarta ba ta yarda da kowane irin mai sai nata. Mai kula da mota zai ji daɗinta, wanda sai abu ya lalace yake zuwa gareji ya haƙura. Kuma sauƙin da ka samu ranar saye shi wanda zai saya a hannunka zai nema.

Peugeot 406 kuwa a Arewa har yanzu tana da mutunci, kamfanin PAN ya haɗa su a Kaduna shekaru da yawa, kuma a doguwar hanya ba ta da wasa. Amma samun mai lafiya yanzu sai an tona, da yawa sun sha haya ko sun sha hannun masu gyaran wutar mota, in wutarta ta rikice za ka gane kurenka. Sienna sai in iyalin da gaske suna da yawa, tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ka kwantar da kujerun baya ka loda kaya, amma shan manta na V6 ne, wato mai fulogi shida.

Benz C300 ko tsohuwar Lexus da aka karyar maka da kuɗi fa? Lexus dai jinin Toyota ce, da sauƙi. Benz ɗin ce nake cewa ka yi tunani, gyara ɗaya zai iya cinye ribar wata, kuma kai ba daɗewa za ka yi da ita ba balle ka more abin da ka kashe.

Sai maganar Beljiyam ko ta hannu. Beljiyam ta fi tsada don farashinta dala yake bi ga kuɗin kwastam, kuma ranar da ka sa mata lamba ta zama ta hannu, darajarta ta sauka tun ba ka je ko'ina ba. Ga mai riƙon ɗan lokaci ta hannu mai tsabta, wadda mutum ɗaya ya hau, ta fi riba, don wancan ya riga ya ɗauke maka asarar farko. Kar kuma ka ɗauka duk Beljiyam lafiyayya ce, da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka aka sayo su aka gyara aka fesa fenti. Ka sa a duba lambar shasi a intanet.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da safe kafin a tayar da injin ya yi zafi ya ɓoye hayaƙi. A sa mata kwamfuta, ka kunna makulli ka tabbata fitilar inji da ta iyabag sun kama sannan sun mutu, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. A leƙa ƙasa a ga ko indomi, wato abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, na nan ba a fafe ba. AC ta yi sanyi a tsaye cikin rana, don ka isa wajen kwastoma babbar riga ta jiƙe da gumi ba mutunci ba ne ko da wace mota ka zo.

Takardu kuma kar ka ji kunyar kowa. Takardar kwastam ta asali, lambar shasin da ke jiki ta yi daidai da ta takarda, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, don haka wadda aka ce maka daga Kwatano ta zo a bi diddigin takardarta sosai. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka zuwa sunanka, sannan ka ware wani abu daga kuɗin, kar ka zuba duka a saye, don taya da batir da juyen farko suna nan suna jiran ka a satin farko.