Baƙin tef, tef mai ruwan zuma ko robar tsuke: amsa ga ƙanenmu mai gyaran waya a Taminus

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka a zaure, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka yaye daga wurin maigidanka, ka kama ɗan tebur kana gyaran wayar hannu a wajen Taminus a nan Jos, wani lokaci kuma kana bin yayanka aikin sola da inbata. Jarinka bai taka kara ya karya ba, shi ya sa kake son sanin ko baƙin tef kaɗai zai ishe ka, ko lallai sai ka sayi wancan mai ruwan zuma da ake liƙawa a fanel (allon nan na cikin wayar hannu da ƙananan kayanta ke kai), da robar nan da ake zura wa wayar wuta a hura mata zafi ta tsuke. Ka kuma ce wani ya gaya maka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, launi ne kawai da tsada suka bambanta.

Wanda ya gaya maka haka bai yi maka adalci ba. Kowannensu akwai abin da aka yi shi domin ya tare. Wani wutar lantarki yake tarewa, wani zafi yake jurewa, wani ruwa yake hanawa shiga. Kafin ka miƙa hannu kan tebur, ka fara tambayar kanka me kake tsoro a wannan wurin da za ka rufe.

Baƙin tef shi ne wanda kowa ya sani. Robar PVC ce mai laushi da aka shafa wa gam a fuska ɗaya, kuma kamfanin 3M na Amurka ne ya fara fito da irinsa a 1946. Mai kyau daga cikinsu, kamar Scotch Super 33+, an yi shi ya ɗauki bolt 600 da zafi har digiri 105. Na kasuwa da yawa digiri 80 ake rubuta musu, wasu ma ba a rubuta komai. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, saboda haka ta fuskar tare wuta ba shi da laifi. Babban abin da ya fi sauran da shi shi ne miƙewa: kana ja yana bin jikin waya, ya shiga kwana, ya rungume haɗi mai rassa uku inda babu abin da zai zuru. Rauninsa kuma gam ɗinsa ne. Da ya sha zafi na wata da watanni sai gam ya narke ya zama baƙin kwalli mai danƙo, tef ɗin ya riƙa zamewa da kansa har tagullar ta leƙo.

A nan sanyin Jos yake yaudarar mutane da yawa. Muna ganin garinmu ba Abuja ba ne, ba Sakkwato ba ne, sai mu ɗauka tef ba zai narke ba. Ka hau cikin silin ƙarƙashin kwano da tsakar rana a watan Maris, ka ji abin da wayoyin wurin suke sha. Ga kuma zafin da waya take haifarwa da kanta idan an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta ko haɗin bai ɗauru ba. Sannan sanyin ma yana da nasa ta'adin: a Disamba da Janairu mai arahar yakan ƙage, ka naɗa da safe, kafin azahar bakinsa ya ɗaga. Araha ba ta ado, kuma a wannan kaya na ga gaskiyar maganar da idona.

Naɗin ma yana da ƙa'ida, kuma yawancin yara ba a koya musu. Ka fara daga kan robar waya mai lafiya, ba daga kan tagulla ba. Kowane zagaye ya hau rabin wanda ya gabace shi, kana ɗan ja daidai yadda zai kama. Ka je ka dawo, aƙalla shimfiɗa biyu. Zagayen ƙarshe kuwa kada ka ja shi ko kaɗan, ka kwantar da shi haka nan, ka yanke da almakashi maimakon fizgewa. Wanda aka fizge yana nan yana ƙoƙarin komawa tsawonsa na asali, shi ne yake kwance kansa bayan mako biyu.

To, wannan tef ɗin kada ya kusanci fanel ɗin wayar hannu lokacin da bulowa, na'urar da ke hura iska mai zafi, take kunne. Dalma mai gubar darma tana narkewa a digiri 183, marar ita da ke cikin wayoyin zamani sai wajen digiri 217, kai kuma kana saita bulowarka sama da 300 kafin ayisi, wato ɗan guntun na'urar (IC) da ke manne a fanel, ya motsa. PVC a wannan zafi narkewa take yi ta yi hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, ta bar maka datti a kan ƙananan ƙafafun da kake son tsaftacewa.

Nan ne mai ruwan zuman yake shigowa. Sunansa Kapton, kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro fatarsa a shekarun 1960, kuma har a kumbon sama jannati ana amfani da ita saboda jure zafi da sanyi. Tef ɗin da ake sayar mana gam ɗin silikon ne a jikinsa, yawanci ana ba shi digiri 260. Siriri ne ƙwarai, ba ya wuce da wuta, kuma idan ka ɓare shi ba ya barin danƙo. Da shi ake danne ƙananan kaya da ke kewaye da ayisi kada iska ta kwashe su, da shi ake rufe konektar roba, da shi ake riƙe jamfa, siririyar wayar da ake haɗa wurare biyu a fanel da ita, a wurinta, da shi ake rufe bakin batir.

Amma akwai kuskuren da nake gani kullum, kuma ina so ka kiyaye shi tun yanzu. Kapton jure zafi yake yi, ba tare zafi yake yi ba. Shi ba zai ƙone ba, amma saboda sirantarsa zafin yana ratsa shi ya isa ga abin da ke ƙasa. Yaro zai liƙa shimfiɗa ɗaya a kan kyamara ko soket ɗin sim, ya saki bulowa minti guda yana ganin ya yi kariya, ya ɓare ya tarar robar ta lanƙwashe. Idan garkuwa ta gaske kake so, ka sa Kapton a ƙasa, ka ɗora tef ɗin alminiyom a sama. Alminiyom yana watsa zafin ya mayar da wani sashe baya. Sai dai shi ƙarfe ne, wuta tana bi ta jikinsa, don haka a cire batir tukuna, kuma kada a manta ko ɗan ɓarɓashinsa a cikin waya kafin a rufe.

Kapton kuma ba ya miƙewa. Ka gwada naɗe haɗin wayar wuta da shi, za ka ga ya yi tattara ya bar kafofi, kuma da zarar gefensa ya ɗan tsage sai tsagar ta bi ta wuce. A fanel ya fi baƙin tef nesa ba kusa ba, a cikin silin kuwa baƙin tef ne gaba.

Jabunsa ya cika kasuwa, leda ce kawai aka rina ta yi ruwan zuma. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntu, ka ɗora masa bakin ƙarfen dalma mai zafi na daƙiƙa biyu ko uku. Na gaske zai tsaya yadda yake, jabu zai tattare ko ya huje nan take.

Robar tsuke ita ce na fi ƙauna a duk inda za ta shiga, kuma ba na ɓoye wannan. Mafi yawanta ba ta da gam, saboda haka babu abin da zai narke ya zame. Idan ta tsuke ta kama, ta kama ke nan. Wadda aka rubuta wa 2:1 tana komawa rabin faɗinta, mai 3:1 kuma sulusi. Ka zaɓi wadda za ta wuce kan haɗin cikin sauƙi amma bayan ta tsuke ta fi wayar ƙanƙanta, kuma ka yanke ta da ɗan tsawo ta hau robar waya ta ɓangarorin biyu. A zura ta kafin a haɗa, a ture ta nesa da wurin dalma, in ba haka ba zafin da ke bin tagulla zai tsuke ta tun ba ta isa wurinta ba. Bulowarka ta isa aikin idan ka rage mata zafi kana juya wayar. Laita tana yi idan ba yadda za a yi, amma harshen wuta yana ƙona gefe ɗaya ya bar ɗayan sako-sako. A wayar caja, wayar sifika, kan tamina na batirin inbata, ja a fozitif baƙa a negetif, aikin yakan fito tsaf kamar daga kamfani. Inda ta gaza shi ne wurin da ba ka da bakin waya a sake, ko haɗi mai rassa.

Batun ruwa daban ne, kuma a nan dukkan ukun nan ba su cika ba, sai robar tsuke mai gam a ciki, wadda gam ɗin ke narkewa ya toshe kafofi. Akwai kuma na huɗu da ba ka ambata ba: tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, irin Scotch 23. Shi ba shi da gam na danƙo. Kana ɓare ledar bayansa, ka ja shi sosai har ya sirance, ka naɗa, sai shimfiɗun su narke cikin juna su zama curi ɗaya da ba ya kwancuwa sai da reza. Ana ƙara masa baƙin tef a sama domin rana da gogayya. An taɓa kirana wani gida a wajen Bukuru, sumon rijiyar burtsatse, injin nan da ake zurawa cikin ruwa ya turo shi sama, yana ta faɗar da bireka tun da damina ta kankama. Da muka zaro shi sai muka tarar wanda ya yi aikin da baƙin tef kaɗai ya naɗe haɗin, ya zura shi cikin ruwa. Ruwa ya bi tsakanin shimfiɗu ya kwanta a kan tagulla har ta yi kore. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yaran gidan da ke ɗiban ruwa a famfon ƙarfe kowace safiya. Allah ne ya tsare.

Tunda kana bin aikin sola, ka riƙe wannan da kyau. Wayar da ta fito daga farantin sola ba a murɗa ta a naɗe da tef, kowane irin tef ne kuwa. Konektar MC4 ake sa mata, a matse da filayar da aka yi dominta. Dalili kuwa, wutar NEPA tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsi yakan mutu da kansa. Wutar faranti ba ta sauka, hanya ɗaya take bi, idan tartsatsi ya kama a haɗi mai sako-sako sai ya ci gaba da ci muddin rana tana sama, a kan rufin mutane. Haka yake ko a wutar gida: tef rufi ne kawai, ba shi ke riƙe haɗi ba. Ka ja wayoyin biyu da hannu kafin ka naɗe, in sun motsa ka sake.

Idan aka kawo maka fitila ko fawabanki mai batirin 18650, ka duba rigarsa. Duk gangar jikin batirin negetif ce, fozitif ɗan kan nan ne kawai, tsakaninsu kuma tazarar ba ta da yawa. Rigar da ta yage a kafaɗa a sauya ta da sabuwa tare da zoben takardar da ke kan, kada a yi mata faci.

Sauran da ke yawo a shago ba sa buƙatar dogon bayani. Salatif na ofis, wanda ya samo sunansa daga Sellotape na Ingila, na takarda ne da kwali, ba na wuta ba. Tef ɗin takarda an ƙirƙiro shi a 1925 domin masu fentin mota, kuma yana da amfani a teburinka wajen rubuta sunan mai waya da jera sukurori. Mai ruwan toka mai zare a ciki na ɗaure kaya ne. Farin nan na masu famfo na bakin fayif ne. Siririn mai gam fuska biyu za ka buƙace shi wajen mayar da sikirin da murfin baya.

Kariyar jikinka da ta kayan mutane ma tana cikin lissafi. Tabarmar silikon a kan tebur tana jure ɗigon dalma, tana kuma hana fanel zamewa. Tabarau na kariya ka sa shi duk lokacin da kake ɓanɓare fasasshen gilashi ko yanke ƙafar waya, domin ido ba shi da safaya. A lokacin hunturu, ka san ƙarar nan da rigar sanyi take yi idan ka cire ta da dare. Wannan wutar da busasshiyar iska take tarawa a jikinka ta isa ta kashe ayisi ba tare da ka ji komai ba, shi ya sa ake ɗaura igiyar wuyan hannu mai zuwa ƙasa, wadda ke da resisto na megohm 1 a ciki domin kare kai kanka. Hayaƙin da ke tashi lokacin dalma na fulos ne, man da ke sa dalma ta kama, ka sa ƙaramar fanka ta janye shi daga fuskarka, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda darma. Safar hannu ta auduga ba ta tare wuta. A aikin inbata, kashe wuta da gwadawa da mita su ne kariyarka.

Da ni ne a matsayinka da ɗan abin da ke hannunka, zan fara da Kapton ɗaya mai faɗin milimita 10, tunda gyaran wayar hannu ne abincinka na kullum, da fakitin robar tsuke mai girma daban-daban, da baƙin tef mai suna guda ɗaya maimakon masu araha biyar. Alminiyom da tabarmar silikon su biyo baya idan aiki ya fara shigowa. Mai haɗewa da kansa kuwa ka bari sai ranar da yayanka ya karɓi aikin rijiya ko na waje, ku sa kuɗinsa cikin lissafin mai aiki tun kafin ku fara. Idan ka je sayen Kapton ɗin, ka roƙi mai shago ya bar ka ka yanki guntu ka gwada a teburin wani mai gyara na kusa kafin ka biya.