Cire iska daga birki: a taka ko a bar mai ya ɗiga?

Idan birkin tsohuwar mota irin Peugeot 504 ya yi laushi, sai an taka sau biyu kafin ya kama, galibi iska ce ta shiga layin man birki.

Hanyar da makanikai suka saba tana buƙatar mutum biyu. Yaron gareji ya tattaka birki ya riƙe, oga ya kwance nipul (ɗan ƙaramin noti na fitar da iska da ke jikin birkin kowace taya), mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin yaron ya ɗaga ƙafa. Tana da sauri, tana kuma korar iska sosai. Illarta ga tsohuwar masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi: in aka danna birki har ƙasa, robar ciki kan goge wurin da ya yi tsatsa ta yage. Don haka a sa guntun katako a ƙarƙashin abin taka birki, kada ya kai ƙasa.

Ɗayar kuwa, kwance nipul kawai za ka yi, ka bar mai ya riƙa ɗiga, kana ƙara man birki na DOT 4 kada kofin man da ke kan masta ya bushe. Ba ta wahalar da masta, sai dai cin lokaci, kuma iskar da ta maƙale a lungu takan ƙi fita.

Ni ta farko zan zaɓa, da katakona, in fara da tayar da ta fi nisa da masta. Amma in ka riƙe birki yana nutsewa a hankali, kuma mai ba ya yoyo a ko'ina, galibi masta ce ta mutu.